Jirgin Kawu da Giyabos a Juye

Ni bakaniken mota ne, ba na jirgin ruwa ba, kuma ko iyo ban iya ba har yau. Garejina yana Birnin Kebbi ta wajen Gesse, tun wurin bai cika da gidaje ba, lokacin muna cikin jihar Sakkwato. Motocin da suka bi ta hannuna ban san adadinsu ba. Amma in ka tsare ni ka ce in faɗi aikin da na fi alfahari da shi, wallahi ba na mota ba ne, na jirgin Kawu ne.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Tsohon direban babbar mota ne, ya shekara talatin yana kai albasa da shinkafa kudu yana dawowa da goro. Da ciwon baya ya hana shi doguwar tafiya sai ya ajiye tuƙi ya koma Argungu ya kama noma. To amma wanda ya saba da ƙarar inji ba ya iya zama shiru. Wasu masu aunen gulbi suka gama aikinsu suka yi gwanjon kayansu, Kawu ya je ya sayo wani jirgi da kowa ya ƙi.

Jirgin na farin ƙarfe ne marar nauyi, kuma ba shi da farfela a ƙasa irin na sauran jirage masu inji. Famfo ne a cikinsa. Yana zuƙo ruwa ta wata kafa da ke ƙarƙashin jirgin, wata fanka ta matse ruwan, ta feso shi ta bututu a baya, feshin nan shi ke tura jirgin gaba. Amfaninsa shi ne yana bi ta ruwan da bai kai gwiwa ba, ba ya yanke tarun masunta, ciyawa kuma ba ta naɗe masa ƙafa. Matsalarsa ɗaya: injin fetur ɗin da ya zo da shi ya mutu murus, ya fashe ta gefe.

Ni na sa masa wani injin da rani, injin gas na wata ƙaramar motar kaya. Inji ne lafiyayye, na rantse da wannan, don ni na kwance shi na ɗaure da hannuna. Muka tura jirgi cikin gulbi, Kawu ya taka totur har ƙasa, inji ya yi ta kuka, amma ruwan da ke fita ta baya kamar ana tsiyaya shi daga buta. Muna tafe kamar ba mu so. Masunta suna wuce mu da kwalekwalensu, suna ɗago hannu suna cewa, "Sannunku da hutawa!" Kai, na ji kunya ran nan. Da muka fito na ce wa Kawu famfon ne ya gaji. Ƙarya nake, ban san abin da ke damunsa ba, bakina ne kawai ya ƙi cewa ban sani ba. Aka jawo jirgi aka ɗaure a gindin wata bishiya, awaki suka mai da shi wurin kwana.

Da damina ta yi nisa, wata safiya ina ƙarƙashin mota sai na hango ƙafafu biyu da busasshen laka har ƙauri. Na fito na ga Kawu ne. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice, ko zama bai yi ba.

"Ruwa ya zaka," in ji shi. "Gulbi ya cika ya hau hwadama. Geron da munka yanke duk shina bisa tudu a ɗaure, ruwa ya zagaye shi. Kullum sai ya ci ƙasa."

Na san gonar. Tudu ne a tsakiyar fadama ta wajen Augie, sai ka tsallake gulbi sannan ka ratsa gonakin mutane kafin ka kai. Na ce, "Kwalekwale fa, Kawu?"

"Kowa na kwasar nashi, wa za ya ba ka? Wanda nis samu, damma kaɗan shika ɗauka, kuma wuni guda sahu biyu. Masu farfela sun ce ba su shiga, karan dawa da ciyawa na kashe musu inji." Sannan ya ce, "Abincin gidana na shekara duk shina can. In ruwa ya ci shi, bana awo za mu yi."

Wanda bai tashi cikin manoma ba ba zai gane nauyin wannan magana ba. Magidanci mai gona, mai iyali cike da gida, a gan shi a kasuwa da buhu yana auno gero tiya-tiya, abin ya fi yunwar ciwo. Kuma gidan Kawu ba ƙaramin gida ba ne, har da marayun ƙaninsa a ciki. Bai ce mini in gyara jirgi ba. Ya dai dube ni, ya ce kwana uku ya rage ko huɗu kafin ruwa ya cinye tudun, ya juya ya nufi tasha.

Na zauna a kan benci ina jin haushin kaina. Ina da zuciya, kowa ya sani, kuma in ta taso hannuna ba ya zama wuri ɗaya. A gefena akwai akwatin giya, wanda mu a gareji muke ce wa giyabos, na ciro shi daga wata a-kori-kura da ta yi hatsari. Sai na kama gindinsa, wato inda ke tafiya zuwa tayoyi, ina murzawa don huce haushi. Ashe yana cikin giya ta ɗaya. Na juya gindin sau ɗaya, sai na ga ƙarfen gaba, wanda ke shiga inji, ya juya kusan sau huɗu. Na sake murzawa. Ya sake yi. Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba.

Abin a fili yake, ni ne ban gani ba wata da watanni. A mota inji ne mai sauri, tayoyi kuma ƙarfi suke so, shi ya sa giyabos ke rage gudu ya ƙara ƙarfi. A jirgin Kawu kuwa abin ya sha bamban. Famfon an yi shi ne don injin fetur mai saurin juyi, ni kuma na ɗaura masa injin gas mai ƙarfin tsiya amma mai nawa. Ƙarfin yana nan, ba shi da inda zai bi ya fita. To in na juya giyabos, na sa inji ya kama shi ta gindi, famfo ya kama ta kai, ai sai inji ya juya sau ɗaya famfo ya juya fiye da haka. Famfon da na yi wa ƙazafin gajiya lafiyarsa lau.

Na sallami mai motar da nake ƙarƙashinta, ya yi ta faɗa, na ce ya kai ta inda ya ga dama. Wuni guda da rabi na yi a kan aikin nan. Na yanke farfelar mota, wato dogon ƙarfen da ke kai juyi zuwa tayoyin baya, na gajarta ta, na bar mata kuros ɗinta, gaɓar da ke lanƙwasawa, don ta haɗa inji da gindin giyabos ko da ba su daidaita sosai ba. Ta gaba kuma na rasa abin da zai kama haƙoran ƙarfen, sai na tuna da tsohon farantin kuloci. Na yanke cibiyarsa, wadda dama don waɗannan haƙoran aka yi ta, na yi mata walda a jikin wani faifan ƙarfe da zai ɗauru da famfo. Sau biyu ina waldar tana karkacewa, sai a na uku ta zauna. Kuloci kuwa babu wurinsa, don haka dole a zaɓi giya tun kafin a ta da inji.

Na loda kayan a bayan wata a-kori-kura na kama hanyar Argungu. Da na kai Zauro na ga abin da ya tsinka mini zuciya: fadamar shinkafa duk ta zama gulbi ɗaya, kan ganye kawai ke leƙowa. Na ƙara wuta.

A Argungu muka kori awaki, muka wanke jirgi, na matsar da inji gaba don giyabos ya sami wuri, na ɗaure shi a kan ƙarafa biyu. Mutane suka taru suna kallo. Wani ya ce, "Yau kuma jirgi aka sa ma giya? Saura taya." Aka yi dariya. Na ci gaba da aikina.

Washegari da hantsi muka gwada, ni da Kawu. Na fara da giya ta huɗu, wadda ba ta ƙara komai ba ta rage komai, jirgi ya yi irin tafiyarsa ta da. Sai haɗama ta kama ni, na kashe inji na tsallake zuwa ta biyu. Inji ya tashi da ƙyar, ya turnuƙe mu da baƙin hayaƙi, yana tari kamar tsohon da ya shaƙi barkono. Famfo ya fi ƙarfinsa. Na kashe, na sa ta uku, na yi bisimilla na tayar.

Wayyo, wannan ƙara! Ban taɓa jin inji ya yi murya mai daɗinta ba. Kukan banza ya tafi, ya koma gurnani mai nauyi, irin na injin da ya sami aikin da ya yi daidai da shi. Ruwa ya fito ta baya fari fat, a dunƙule. Jirgi ya ɗaga hanci, hular Kawu ta faɗa cikin jirgi, ni kuma na zauna daɓas a kan akwatin sifanu. Muka wuce masunta suna riƙe da kwalekwalensu kada igiyar ruwanmu ta kifar da su. Ban ce musu sannu da hutawa ba, amma Allah ya sani na so in ce.

Da muka dawo gaɓa na zauna na yi wa Kawu bayani. Na ce, "Kawu, wannan giyabos a juye yake. Abin da ka sani a mota, nan akasinsa ne. Ta ɗaya ita ce mafi nauyi ga inji, ba mafi sauƙi ba. Kuma famfo bai san nauyin kaya ba, ruwa kawai ya sani. Ko jirgi ya cika ko ba kowa, ta uku ce. Don Allah kada a taɓa."

Ya dube ni ta ƙasan ido. "Ni za ka koya ma giya? Tun uwarka na goye da kai nike canza ta."

"Ba haka nake nufi ba, Kawu."

"Na jiya. Ta ukku. Mu tahi."

A nan na yi kuskurena. Da na cire sandar giyar na jefa cikin akwati, da magana ta ƙare. Na bar ta ne saboda abu biyu. Ina jin nauyin in nuna wa Kawu ban yarda da hannunsa ba, kuma, in faɗi gaskiya, ina son mutane su ga sandar nan tsaye a tsakiyar jirgi su san aikina ne.

Muka ɗauki wani dattijon masunci, maƙwabcin Kawu, wanda ya san fadamar kamar tsakar gidansa. Ya zauna a gaba da doguwar gora yana nuna hanya da hannu, Kawu na kan sitiyari, ni ina tsugune kusa da inji ina taɓa giyabos in ji ko ya yi zafi. Muka tsallake gulbi, muka shiga gonakin da ruwa ya rufe, karan dawa na gogar cikin jirgi. Sau biyu ciyawa ta toshe kafar da famfo ke shan ruwa, dattijon ya shiga ruwa ya cire da hannu. Da muka isa tudu sai muka tarar ya koma kamar faɗin masussuka. Dammunan gero na jibge a tsakiya, ruwa ya kusa taɓa na ƙasa.

Muka yi ta jigila. Mu loda, mu tsallaka, mutanen gidan Kawu su sauke a gaɓa, mu koma. Ban ƙirga sahu nawa muka yi ba, na dai san kafaɗuna sun yi jawur da ƙaiƙayin gero, kuma kowane zuwa sai mun ga tudun ya ƙara tsukewa. Ko azahar a cikin jirgi muka yi ta, ɗaya bayan ɗaya. Kawu bai taɓa sandar nan ba ko sau ɗaya, har na fara jin kunyar zargin da na yi masa a zuci.

Bayan la'asar muka koma sahun ƙarshe, muka tarar ruwa ya hau tudun, dammunan ƙasa sun fara jiƙewa. Abin da ya rage ya fi lodi ɗaya, bai kai biyu ba. Dattijon ya ce in muka bar saura ba za mu dawo mu same shi ba. Kawu ya ce a loda duka. Na so in yi magana, na dubi fuskarsa na fasa. Muka jibga gero har ya fi tsayina, bakin jirgi ya rage saura ɗan taki ɗaya ya taɓa ruwa.

Cikin gonaki lafiya lau muka tafi. Da muka fito tsakiyar gulbi, inda ruwa ke da ƙarfi, sai jirgi ya yi nauyi, ya rage gudu, ruwa ya fara tura mu gefe. Can ƙasa da mu akwai wasu itatuwan giyayya da ruwa ya shanye rabinsu, nan muka dosa a karkace. Da an bar inji yadda yake, da mun tsallake, a hankali dai amma da mun tsallake. Ni na san haka. Kawu ma kansa ya sani, amma hannunsa bai sani ba. Shekara talatin, duk lokacin da mota ta yi nauyi a kan tudu, abu ɗaya hannun nan yake yi. Kuma tsohon direba ba ya neman kuloci. Kafin in ɗago kai ya sassauta totur, ya fizge sandar, na ji haƙora sun yi ƙara, ya danna ta cikin ta ɗaya ya taka.

Inji ya yi wani irin nishi, ya tofar da baƙin hayaƙi, ya mutu.

Shirun da ya biyo baya har yau ina jinsa. Irin wannan jirgi in famfo ya tsaya, sitiyari ba shi da amfani, don feshin ruwan shi ne ke juya shi. Muka juya a gicciye, ruwa ya fara tsallakowa ta baki yana shiga ƙarƙashin gero. Dattijon ya soka gorarsa bai sami ƙasa ba, ya fara salati da ƙarfi. Kawu kuma ya riƙe sandar gam, yana ƙoƙarin ta da inji a cikin ta ɗaya, batir na ja da ƙyar. Na san in ya ƙara murzawa sau biyu batir ya tafi, gero ya tafi, mu ma wataƙila.

Na ce, "Kawu, saki!" Bai saki ba. Na daka masa tsawa, "Cire hannunka!" Sannan na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba a rayuwata. Na doke hannun yayan mahaifiyata, duka na gaske, har ya yi ƙara. Ya saki. Na fizgo sandar, ta ƙi, na buga ta da tafin hannu ta fito, na tura ta cikin ta uku, na murza makulli. Ya ja sau ɗaya ya yi shiru. Na ce ya Allah, na sake murzawa. Ya kama.

Ruwa ya feso ta baya. Kawu ya juya sitiyari ya miƙe hancin jirgi. Rassan giyayya suka goge mu ta gefe, suka fizge damma biyu ko uku daga saman lodi, muna kallo ruwa ya tafi da su. Sauran duk muka kai gaɓa.

Aka yi ta murna a bakin gulbi. Matan gidan suna guɗa, maza na ɗaukar dammuna a ka suna kaiwa inda za a shanya waɗanda suka jiƙe. Wanda ya ce saura taya ya zo yana leƙa cikin jirgi, yana tambayata yadda aka yi giyabos ke tafiya da baya. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba, na ji kaina ya yi girma. Shekarar nan rumbunan Kawu sun cika, ba wanda ya ga ɗan gidansa a kasuwa da buhun awo. Aikin hannuna ne, da ƙarfen da aka zubar, da cibiyar tsohon kuloci.

Amma na kasa duban Kawu. Dattijon masuncin ya ga abin da ya faru, kuma na san bakinsa ba zai buɗe ba, sai dai ni na sani, Kawu ya sani. Da mutane suka ragu na same shi zaune shi kaɗai a cikin jirgi, a mazaunin direba. Na cire takalmi na shiga, na durƙusa a cikin ruwan da ya taru a ƙasan jirgin.

Na ce, "Kawu, ka gafarce ni. Hannuna ya riga hankalina."

Yana ta duban bayan hannunsa, inda ya ɗan tasa. Sannan ya ce, "Nawa ma haka." Ya nuna akwatin kayan aikina da haɓa. "Kana da zarton ƙarhe ciki?"

"Akwai, Kawu."

"Ɗauko."

Na ɗauko ban gane ba. Ya tabbatar sandar na cikin ta uku, ya girgiza ta ya ji ta zauna, sannan ya kama kanta da hannun nan da na doka, ya riƙe mini ita kada ta yi rawa. Sai a lokacin na gane. Na ce masa ba sai an yanke ba, ana iya kwance ta a ajiye. Ya girgiza kai. Ya ce abin da aka kwance ana iya mai da shi, kuma ya san kansa.

Na ɗora zarto a tsakiyar sandar. Idona ya cika da ƙwalla, don na san abin da sandar giya take a wurin mutumin nan. Ya tura hannuna ƙasa, har kusa da murfin giyabos.

"Yanke ta ƙasa-ƙasa, ɗana," in ji shi, "yadda ko na lalaba ba ni samun abin kamawa."